Yadda za ka zaga duwatsu da bakin tekun Gana a motar haya da jakar goyo ɗaya tal

Mu dai tafiya ba baƙuwarmu ba ce, kakanninmu da ƙafa da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro, su sauka Salaga da ke arewacin Gana su yi wata da watanni a hanya, amma yau in ka ce wa mutum za ka Gana don kawai ka hau dutse ka ga teku sai ya tsaya yana kallonka ya ce to me za ka saro? Ni na je ban saro komai ba, kwana 13 na yi, kuma wallahi ina so duk mai ɗan hali da lafiya ya gwada ko sau ɗaya ne. Ba sai da jirgi ba, ba sai da babban otal ba. Abin da ke gyara tafiyar ko ya ɓata ta shi ne nauyin kayanka da kuma inda ka fara. Ka fara da dutse tun ƙafarka na da ƙarfi, ka ƙare da teku lokacin da jiki ke neman hutu. In ka juya su za ka ji a jikinka.

Takardu tukuna. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, fasfonka na ECOWAS ya isa, za su ba ka har kwana 90. Amma katin allurar shawara, wanda ake ce wa yalo kad, shi kam dole ne, kuma ka yi allurar aƙalla kwana 10 kafin ka tashi don sai lokacin katin ke fara aiki. Ka yi ta gaske ɗan uwa, kada ka bari wani ya sayar maka da kati ba allura, daji za ka shiga, sauron can bai san kati ba. Ka ɗauki hoton fasfo da katin a waya, ka kuma yi fotokwafi ka sa a wani aljihu daban.

Jaka kuwa ta goyo ce, mai maɗauri a ƙugu in ka samu, a gwanjo ma ana samun masu kyau. Akwati mai taya ka bar shi a gida don akwai inda za ka hau acaɓa, akwai inda za ka shiga kwalekwale. Riga 4 marasa nauyi, wando 2, kaftani ɗaya na Juma'a, tawul ƙarami, darduma mai ninkewa, 'yar buta, tocila, fawa bank, maganin sauro na shafawa, farasitamol da gishirin ORS, ledoji masu kauri na naɗe waya da fasfo saboda ruwa. Caja ba matsala, soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. Takalmi biyu: silifas da kambas mai ƙasa mai kama ƙasa, kuma kambas ɗin ya zama ka saba da shi, sabon takalmi a kan dutse sai ya sale maka dunduniya tun ranar farko. In ka gama haɗawa ka goya ta ka zaga unguwa na minti 20, duk abin da ka ji ya yi maka yawa a nan to a Gana zai ninka. 'Yan uwa mata, dogon wando a ƙarƙashin riga mai faɗi da hijabi wanda bai wuce gwiwa ba shi ya fi, mai jan ƙasa yana kama saiwa da ƙaya.

Lokaci: kudancin Gana damina biyu gare su, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ni a ganina ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi, ruwa na nan da ƙarfi a magangara, hanya ta fara bushewa, hazo bai rufe duwatsu ba tukuna.

Daga Legas motocin Akra suna tashi ne da sassafe, akwai su a Jibowu da Maza-Maza da Mile 2, kamfanoni irin su ABC da GUO da Chisco duk suna bin hanyar. Boda uku za ka tsallaka: Seme ka shiga Binin, ka ratsa Kwatano, sai Hilakondji ka shiga Togo, ka bi ta Lome teku na hannun hagunka, sai Aflao ka shiga Gana. In karon farko ne ka hau babbar mota, don su suna da mai karɓar fasfo ya kai a buga hatimi, wahalarka ta ragu, amma duk lokacin da aka dawo maka da shi ka buɗe ka ga hatimin da idonka, na fita da na shiga, kafin mota ta tashi. Kuma ka mayar da agogonka baya da awa 1 tun daga Togo.

Maganar canji ka natsu. Katin ATM na naira kada ka dogara da shi, ka riƙe tsabar kuɗi ka raba su gida uku a jikinka da jaka. A wata boda wani ɗan canji ya ƙirga mini sidi, kuɗin Gana, a hannunsa sun cika cif, da na karɓa na koma mota na sake ƙirgawa sai na ga babu takarda biyu, ashe ninke su yake yi yana ƙirga ɗaya sau biyu. Tun daga nan ba na miƙa nawa sai na ƙirga nasa a hannuna ɗaya bayan ɗaya. Ka canza kaɗan a boda na mota da abinci, sauran ka bari sai ka shiga gari ka samu shagon canji mai lasisi.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke ɓata kwana biyu a banza. Kada ka zarce zuwa Akra. Ka gaya wa direba tun a Legas cewa a Aflao za ka sauka, don daga nan akwai mota kai tsaye zuwa Ho, babban birnin jihar Volta, daga Ho kuma ka kama ta Hohoe, nan ne gindin duwatsun. In dare ya yi maka ka kwana Aflao ka kama hanya da safe, ban ba ka shawarar tafiyar dare a hanyar da ba ka sani ba.

Motar da za ka fi hawa sunanta trotro, ƙaramar bas ce irin namu na haya, yaron motar kuma met suke ce masa. Ba ta da lokacin tashi, sai ta cika, saboda haka wanda ya je tasha ƙarfe 6 na safe ya fi wanda ya je ƙarfe 11 nesa ba kusa ba, da rana sai ka yi awa biyu zaune ana jiran mutum uku. In ka samu kujerar taga ka kama, ka rungume jakarka a cinya in za ta yiwu, in kuma sun ce sai a but to za su caji kuɗin kaya, ka tambayi fasinjan kusa da kai nawa ake biya, matambayi ba ya ɓata. Kuma ka sani direba ba zai tsaya maka salla ba, ka yi alwala kafin ka shiga, ka yi ƙasaru ka haɗa Azahar da La'asar in ka sauka, addini ya ba matafiyi wannan sauƙin.

Duk garin da ka sauka tambayarka ta farko ita ce ina zango. Kusan kowane babban gari a Gana yana da zango, can za ka samu masallaci, ka samu naman da hankalinka zai kwanta da shi, ka ji Hausa. A Hohoe da asuba bayan an idar da salla na bi ƙamshi har wajen wata baiwar Allah mai koko da ƙosai, na ce ina kwana Hajiya, ta ɗago ta dube ni ta ce kai ɗan Najeriya ne ko, daga gaisuwar ta gane, ta cika mini kofi da koko mai yajin citta da kanumfari ta ƙara mini ƙosai biyu ta ce na baƙunta ne. Hausarsu ta ɗan bambanta, za ka ji an ce mace ya zo ya tafi, kada ka yi dariya kada ka gyara wa kowa, tasu ce haka suka gada. A wajenta na samu lambar ɗan acaɓan da ya yi ta yawo da ni kwana uku, da ɗan gari a kan ci gari.

Rana ta farko ka je Wli, ƙauye ne dab da iyakar Togo, ƙasa da awa 1 daga Hohoe. Ruwa ne ke zubowa daga kan dutse irin na Gurara ko Matsirga ta Kafanchan amma wannan dogo ne siriri, hawa biyu. Za ka biya kuɗin shiga a ofishinsu su haɗa ka da ɗan jagora. Na ƙasa tafiyar kamar minti 45 ce a shimfiɗaɗɗiyar hanya cikin inuwa, kana ta tsallaka rafi ɗaya a kan ƙananan gadoji, ko dattijo zai iya. Tun kafin ka gan shi za ka ji ƙararsa, sai iska mai sanyi da feshi su doke ka a fuska, in ka ɗaga kai kuma jikin dutsen baƙi ƙirin da jemagu dubbai sun maƙale suna ta tsuwa. Na tsaya na fi minti 10 ban ce komai ba sai tasbihi.

Na sama shi ne aikin. Wannan hawa ne na gaske, awanni ne zuwa da dawowa, wani wajen da hannu da ƙafa za ka hau kana kama saiwar bishiya, ƙasa na da santsi, gumi kamar an watsa maka ruwa don iskar can da laima take ba irin busasshiyar tamu ba. Ka tashi da wuri, ka ɗauki ruwa aƙalla lita 2, ayaba da gyaɗa ko dabino, ka karɓi sandar da jagora zai ba ka kada ka ce kai matashi ne. Saukowa ta fi hawa haɗari, nan gwiwa ke rawa, ka juya gefe kana sauka taki ɗaya ɗaya, sannu ba ta hana zuwa. In an yi ruwan sama da daddare jagora ya ce yau ba a hawa to ba a hawa, ka haƙura.

Washegari in ƙafa ta yarda sai Afadjato, dutsen da ake rubuta tsayinsa mita 885, ana hawansa daga ƙauyen Liati Wote. Gajere ne, awa 1 ko ƙasa da haka ka kai sama, amma miƙe yake tsaye ba ya ba ka wajen numfashi. Daga sama kana hango ƙauyuka da gonaki da duwatsun Togo. In ka sauko akwai ruwan Tagbo a kusa ka je ka jiƙa ƙafa. Tafi Atome kuma wajen birai ne da mutanen garin suka hana kashewa, sai su sauko kan kafaɗarka su ɓare ayaba a hannunka, yara za su so shi, awa biyu ya ishe ka. Wanda ke da ƙarin kwana ya hau Amedzofe, gari ne a can ƙololuwa mai sanyi kamar Jos, da dutsen Gemi mai gicciyen ƙarfe a kansa tun zamanin 'yan mishan na Jamus, ka tafi da rigar sanyi mara nauyi.

Daga Hohoe sai Akra, tafiyar kusan rabin yini. Za ku tsallaka kogin Volta a gadar Adomi, ta ƙarfe ce mai baka tun 1957, kusa da dam ɗin Akosombo, a Atimpoku mata za su yanyame motar da abolo, wato turararren ƙullin masara, da 'yan mitsi-mitsin soyayyen kifi, ka saya, da daɗi. Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, kwana ɗaya ya isa: ka wanke kaya, ka yi canji, ka kwana wajen Nima ko Mamobi, in ta kama Juma'a ka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda aka buɗe a 2021. Ka ci waakye, shinkafa da wake ce sunan ma daga bakinmu ya fito, akwai tuwon zafi, akwai tsire da suke ce wa cicinga. In ka fita daga zango kuwa ka riƙa tambayar naman da ke cikin miya don ana sa alade da naman daji, in kana shakka ka ce kifi, banku, wato tuwonsu na ƙullin masara, da gasasshen karfasa ba ya ba da kunya.

Motocin yamma a Kaneshie suke lodi. Ka fita kafin gari ya waye saboda gosulon Kasoa, garin da sunansa kasuwa ce tamu aka lanƙwasa, in ka makara nan kaɗai sai ya ci maka awa guda ko fiye. Akra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, awa 3 in hanya ta yi kyau.

A Cape Coast ka yi kwana biyu. Safiya ɗaya ta Kakum ce, dajin gwamnati kimanin kilomita 30 arewa da gari, ana samun mota daga wajen kasuwar Kotokuraba. Gadojin igiya ne guda 7 aka ɗaura daga bishiya zuwa bishiya tun 1995, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, wani wajen kana sama da ƙasa da kusan mita 40, abin takawar katako ne mai faɗin da bai wuce mutum ɗaya ba, da raga ta kai maka ƙirji hagu da dama. Tana lilo, wannan ba makawa. Dabarar ita ce ka riƙe igiya da hannu biyu, ka kalli bishiyar da ke gabanka ba ƙasa ba, ka bar tazara tsakaninka da na gaba, waya kuma ka ɗaure ta ko ka bari sai ka isa dandamalin jikin bishiya ka ɗauki hoto. Ka je da zarar sun buɗe kuma ba ranar Asabar ba, in 'yan makaranta suka cika wajen ba za ka ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba. Akwai giwaye a dajin amma kada ka sa rai da ganinsu.

Sai gidajen bayi. Na Elmina, garin da ke kusa da Cape Coast, Turawan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, daga baya ya koma hannun Ingila. Na Cape Coast ma yana nan a bakin ruwa fari tas. Ka bi jagora ka shiga kurkukun ƙasa, ɗaki mai duhu da 'yar taga can sama, ka tsaya a ƙofar da in an fita da mutum ba ya dawowa. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne da yawa daga waɗanda aka tsare a nan daga arewa aka gangaro da su, kuma Salagar da muke alfahari da ita ta goro kasuwar bayi ce ita ma. Ba wajen ɗaukar hoto ana dariya ba ne. In ka fito daga na Elmina ka hau tudun St Jago ka zauna ka kalli jiragen masunta masu fenti kala-kala suna shigowa, sai dai ranar Talata ba sa fita kamun kifi, al'adarsu ce.

Daga nan Takoradi, ka canza mota zuwa Agona Nkwanta, ka kama tasi ta haɗaka zuwa Busua. Nan za ka sauke jaka ka huta, masaukai masu araha suna nan a bakin yashi, ka nemi ɗaki mai gidan sauro da fanka, ka ga ɗakin da banɗaki kafin ka biya.

To a nan ina roƙonka ka saurare ni da kyau. Teku ba kogi ba ne, ba dam ɗin Tiga ba ne, ko ka iya iyo a rafin garinku wannan daban ne. Ranar farko na tsaya ruwa iya ƙauri kawai, igiya ta zo ta wuce, da za ta koma sai na ji yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafata yana zarewa kamar ana jan tabarma, sai da na ja da baya na zauna. Akwai wuraren da ruwan ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, a ido wajen ya fi ko'ina kwanciya, shi ne kuma ke tafiya da mutane. In ba ka iya iyo ba kada ka wuce gwiwa. In ka iya, ka tambayi 'yan gari inda ake shiga, kada ka shiga kai kaɗai ko da magariba, in kuma ka ji yana jan ka kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa gaɓa kai tsaye, ƙarfinka zai ƙare, ka yi iyo a gicciye kana bin tsawon gaɓar har ka fita daga hanyarsa, ka ɗaga hannu a gan ka.

Busua an san ta da hawan igiyar ruwa a kan allo, akwai samarin garin da ke koyarwa, za su fara da kai a kan yashi yadda za ka kwanta ka tuƙa da hannu ka miƙe, sannan su shiga da kai inda ruwa bai wuce ƙugu ba suna riƙe da allon. Za ka sha faɗuwa ka sha ruwan gishiri, amma ranar da ka miƙe ko na daƙiƙa uku ne ruwa ya ɗauke ka har gaɓa za ka gane abin da ya sa mutane ke barin ƙasarsu su zo. Ka gaya musu gaskiya in ba ka iya iyo ba. Wanda ba ya son wannan ya taka da ƙafa zuwa Dixcove ko Butre, duka kusa ne kuma kowanne da tsohuwar ganuwar Turawa a kan tudu, sai dai ka tafi da ɗan rakiya ka bar fasfo da kuɗi a masauki.

In kwana ya rage maka ka ƙarasa Beyin ka shiga kwalekwale zuwa Nzulezo, ƙauyen da aka gina kacokan a kan ruwa bisa turaku, da makarantarsu da komai, tafiyar kusan awa 1 ce cikin fadama ruwan baƙi kamar shayi. Ka nemi rigar kariya ka sa kafin ka zauna, kuma mutane ne ke zaune a gidajensu, ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Wanda tafiyarsa ta faɗo lokacin Ista kuma akwai bikin tashi da lema a duwatsun Kwahu, tun 2005 ake yi, daga dutsen Odweanoma a ɗaure ka da matuƙi ku sauka Nkawkaw, amma wannan hanyar Kumasi ce, sai ka ware mata kwana biyu nata.

Komowa ka bar kwana ɗaya a aljihu wanda ba ka tsara masa komai ba, don mota za ta lalace ko ruwa ya tare hanya ko jiki ya ce a dakata. Ka dawo Akra ka sayi tikitin Legas tun ana gobe, ka kwana kusa da tashar don da asuba suke tashi. Ka shanya kambas da tawul su bushe sosai kafin ka cusa su a jaka, ka rage 'yan sidi na ruwa da abincin hanya, ragowar ka canza su a Aflao kafin ka tsallaka, in ka kawo su Kano sai ka sha yawo a Wapa kafin ka samu mai karɓa da daraja. In kuma zazzaɓi ya kama ka cikin sati biyu da dawowa ka je a gwada jininka, ka gaya wa likita inda ka je.